Awa Uku da Minti Goma

Laraba, 2 ga wata

Mai Littafi,

Gaisuwa gare ki da Inna. Ina fata gwiwarta ta yi sauƙi, kuma kin hana ta hawa bene da kwandon wanki. Ni lafiyata ƙalau, in ban da wuyana da ke ciwo saboda yawan waige-waige a sama.

An sa rana. Ashirin da takwas ga watan nan mai jarrabawa zai zo makarantar. Zai zaunar da ni a ofis ya yi mini tambayoyi na wajen awa biyu, sannan mu shiga jirgi, ni a kujerar hagu ina tuƙi, shi a dama da takarda a cinya. In na ci, na samu lasisin tuƙa ƙaramin jirgi. In ranar ta wuce ni, an gama. Jarrabawar rubutu da na ci tun tuni ranar talatin da ɗaya take mutuwa, hutun da ofishin awon ƙasa suka ba ni ma ranar yake ƙarewa, kuma shugabanmu ya ce ko wuni ɗaya ba zai ƙara mini ba. Shekara huɗu nake bin abin nan, kin sani.

Ga abin da nake so. Mai jarrabawa ba ya fara komai sai ya buɗe littafin tashi, wato inda ake rubuta kowace fita: kwanan wata, daga ina zuwa ina, awa nawa, da sa hannun malami. Sabon yana wurina. Tsohon, mai baƙin bango, yana cikin durowar ƙasa ta teburina. A cikinsa awa talatin da ɗaya na farko suke, waɗanda na yi da Tsoho, malamina na farko, a filin jirgin da ke kusa da gida, kuma tunda Allah ya yi masa rasuwa bara babu mai sake sa mini hannunsa. Ki naɗe shi ki ba direban motar saƙo. Ba sai kin buɗe ba, lambobi ne kawai.

Wallahi kunyar littafin nake ji. Man inji ya zuba a kansa, shayi ya zuba, ga rubutuna da kika sani. Ban san da wane ido zan miƙa wa mutumin ba. Amma haka nan.

Kada ki kira. Wayata tana aljihun Dogo, malamina na yanzu. Ya ce duk ɗalibin da jarrabawarsa ta rage wata guda, shi yake riƙe masa waya.

Mijinki

*

Laraba, 9 ga wata

Kyaftin,

Lafiyata lau, tunda ka tambaya. Au, na manta, ba ka tambaya ba, gwiwar Inna ka tambaya. To gwiwar tana gaishe ka, kumburin ya ragu, kuma har yanzu mai ita tana hawa bene, don ni ba ni da ƙarfin hana uwarka abin da ta sa kanta.

Tana zaune a falo lokacin da na farke ambulan. Ta ce, "Me ya ce?" Na ce, "Ya ce a gaida gwiwarki." Ta ce, "To ke fa?" Na ce, "Ni ai ba ni da gwiwa, Inna." Ta yi dariya har ta ƙware, ni kuwa na shige ɗaki na wurga takardar bayan gado. Sai da na sa tsintsiya na jawo ta.

Sati bakwai ba ka nan. Sati bakwai! Na ɗauka in wasiƙa ta zo zan zauna bakin taga in karanta ta sau uku, in sa ta ƙarƙashin matashi. A littattafan da kake mini dariya a kansu, mijin da ya yi nisa shafi huɗu yake cikawa, ya faɗi yadda abinci ya daina yi masa ɗanɗano, yadda yake jin muryarta a cikin ruwan sama. Nawa mijin ya rubuto mini takardar aike. Ki buɗe durowa, ki naɗe, ki ba direba, kada ki kira. Ko mai gadin ofishinku aka aika, ai an ce masa sannu da ƙoƙari. Kuma wane irin malami ne wannan Dogon da yake ƙwace wa magidanci waya kamar ɗan firamare? Ka gaya masa na ce in yana da mata, ina tausaya mata.

Duk da haka, da na kai inda ka ce kunyar littafin kake ji, zuciyata ta karye. Haka nake, shi ya sa kake taka ni. Na ɗauko shi, kuma gaskiyarka, abin kunya ne. Bangon ya ɓare, wasu shafukan sun manne da mai, wari kamar garejin bakanike. Na ce mijina ba zai miƙa wa baƙo wannan ba ina raye.

Na je shagon mai littattafai na bakin titi, na zaɓo wani mai shuɗin bango da bakin zinare. Ya ce, "Yau kuma wace soyayyar za a ɗauka?" Na ce, "Yau rubuta tawa zan yi." Na dawo na ja layuka da rula daidai da na naka, shafi bayan shafi. Kwana shida ke nan ina kwafa, har babban yatsana ya yi kanta. Na gyara abubuwa kaɗan. Inda ka sa minti hamsin na mayar da shi awa guda, don wa zai zauna yana ƙirga minti goma? Shi kuma Tsoho, Allah ya ji ƙansa, bakinsa ba shi da daɗi ko a rubuce. "Ya buga jirgi da ƙasa, ya yi tsalle uku kamar kwaɗo." Haba! Na rubuta, "Ya sauka a hankali kamar gashin tsuntsu a kan ruwa." Inda ya ce ba ka duba mai sai an tuna maka, na bar wurin babu komai. Sa hannunsa ne ya wahalar da ni, saboda wannan wutsiyar da yake ja a ƙarshe, amma na cika shafi biyu ina gwadawa, yanzu ko shi ya gani sai ya rantse nasa ne.

Saura shafi uku. In na gama zan ƙarasa wannan takardar, wataƙila lokacin na huce har in rubuta maka abin da ba ka cancanta ba.

Juma'a, 11 ga wata

Na gama. Ga shi nan. Layi ɗaya ne ban kwafa ba, kai ka san shi.

Tsohon littafin yana wurina.

Matarka

*

Lahadi, 13 ga wata

Mai Littafi,

Ina fata kuna lafiya. Ni ban sani ba ko lafiyata lau.

Me kika yi? Me kika yi mini haka?

Na buɗe ƙunshin a gaban Dogo, ina murna. Turaren da kika fesa ne ya fara cika ofis. Ya ɗauka ya karanta gashin tsuntsu a kan ruwa, ya yi dariya har ya dafa bango, ya ce, "Kai, ashe mawaƙi ne ya koyar da kai?" Sai idonsa ya kai kan sa hannun. Dariyar ta ɗauke. Ya tashi ya rufe ƙofa, ya ce, "Ban da ni, wa ya ga wannan?" Na ce ba kowa. Ya ce, "In mai jarrabawa ya buɗe shi, ba faɗuwa za ka yi ba. Sunanka za a rubuta a inda ba a gogewa, kuma ba za ka ƙara zama a kujerar hagu ba har ka mutu."

Kin gane? Kin ƙara mini awoyin da ban yi ba. Kin goge kurakuraina, alhali su mutumin yake so ya gani, ya ga inda na faro. Kin ƙirƙiri sa hannun mamaci sau ashirin da shida! Ana ɗaure mutum a kan wannan. Na ce ki naɗe ki aiko. Na ce ba sai kin buɗe ba. Wace kalma ce a ciki ta yi miki wuya? Don na ce ina jin kunyarsa, sai ki ɗauka roƙonki nake yi? Ba kowane layi ne yake da wani layi a ɓoye a bayansa ba, wannan a littattafanki ne kawai.

Kin san yadda nake wuni a nan? Kullum Dogo sai ya rage wutar inji ba sanarwa, ya naɗe hannu ya ce, "Inji ya mutu, ina za ka sauka?" In zaɓi fili cikin daƙiƙa biyar, in juya, in yi ta jera abubuwan dubawa da baki. In mun sauko ya zaunar da ni kan taswira da lissafin nauyi da na iska har idona ya dushe. Jiya sauka bakwai na yi iska tana bugun jirgin ta gefe, uku kawai ya yarda da su. A kan wannan kika ɗora mini naki.

Kuma duk cikin layukan da za ki tsallake don gajiya ko fushi, sai doguwar tafiyar da na yi ni kaɗai? Ita ce sharaɗin da ya fi kowanne. In babu ita da sa hannun Tsoho a gefenta, ko kujera ba za a ba ni ba. Ban gane "kai ka san shi" ba, kuma ba ni da lokacin wasan wasa ƙwaƙwalwa.

Saura kwana goma sha biyar. Ki ba direba tsohon littafin gobe, yadda yake, da man da shayin da komai.

Mijinki

*

Alhamis, 17 ga wata

Mai Littafi,

Allah ya sa lafiya ce ta hana ki amsawa.

Mota ta zo sau biyu babu komai. Direba ya ce ya ƙwanƙwasa, kin leƙo ta taga kin ce babu saƙo. Na roƙi Dogo ya ba ni wayata, na kira ki sau tara, tana shiga ba kya ɗauka. In zafin maganata ne, to na yi zafi, amma ki duba abin da kika jawo.

Saura kwana goma sha ɗaya. In Asabar ta yi ban gani ba, zan sa wana, Yaya Babba, ya zo gidan ya karɓa da kansa. Kada ki sa in kai ga haka.

Mijinki

*

Asabar, 19 ga wata

Kyaftin,

Inna lafiya. Ni ma ina tsaye da ƙafafuna.

Na yi kuskure a kan shuɗin littafin, na yarda. Ban san sa hannu laifi ba ne, na ɗauka ado ne. Ka ƙona shi. Wannan ke nan, kuma shi ne karo na ƙarshe da za ka ji na ba da haƙuri a takardar nan.

Turo Yaya Babba. Don Allah turo shi. Zan dafa masa shayi, in buɗe masa shafi na goma sha ɗaya, in sa yatsana a layi na huɗu, in ce, "Yaya, karanta mini wannan kwanan watan, idona ba ya gani sosai."

Ka ce ba ka gane ba. To bari in kwafa maka shi yanzu, ba gyara ko ɗaya. Sha bakwai ga watan huɗu, shekara biyu da suka wuce. Tashi ƙarfe tara da minti ashirin na safe. Sauka a filaye biyu, komowa gida. Awa uku da minti goma. Tsoho ya rubuta a gefe, "Ya tafi shi kaɗai, ya dawo shi kaɗai. Madalla."

Har da madalla.

Yanzu ka tuna? Cikina yana wata shida. Tun yana wata uku na roƙe ka ka ajiye tashi har in sauka lafiya, saboda mafarkan da nake yi. Ka dafa kaina ka ce ka ajiye. Ranar sha shida ka haɗa jaka ka ce ofis sun tura ka awo a daji, kwana biyu, babu sabis. Ni na guga maka rigunan.

Ƙarfe tara da minti ashirin ina bayan motar Anti, yayarka, na cije gefen mayafina don kada in yi ihu a titi. Ƙarfe goma ina kan gado a wani ɗaki mai koren labule, fanka tana juyawa da fiffike ɗaya a lanƙwashe, ina kallonta ina kiran sunanka. Anti tana bakin ƙofa da waya a kunne tana cewa, "A kashe take, ku yi haƙuri, dajin babu sabis." Ungozoma ta ce, "Ina mijin?" Ni da bakina na ce, "Yana wurin aiki, bai sani ba." Kafin azahar an gama. Babu kuka a ɗakin sai nawa.

Washegari da la'asar ka shigo da takalma duk laka. Ka durƙusa bakin gado ka kifa kanka a hannuna. Ka san abin da na yi da muka koma gida? Na wanke takalman nan da kaina, jikina ko ƙwari bai yi ba, ina kuka ina tausayinka. Na shirya labarin duka a kaina: kana tsakiyar daji da sandar awo, gabanka yana faɗuwa ba ka san dalili ba, ka samu labari ka taho a guje cikin ruwa. Shekara biyu ina riƙe da labarin nan. Duk ranar da ka ɓata mini rai, shi nake ɗaukowa in lallashi kaina. Ka ce ina neman layi a bayan layi. Ina ma na nema tun lokacin!

"Ba sai kin buɗe ba, lambobi ne kawai." Da na sake karanta wannan, sai da na zauna a ƙasa.

Ba zan ɗauki waya ba, don muryarka ta iya ni. Rubutawa za ka yi. Kai da ba ka ƙara wa jirgi minti goma na ƙarya, ka rubuta mini ranar nan yadda take, daga safe har shigowarka asibiti. Abin da ka sani, da lokacin da ka san shi. In na ga gashin tsuntsu ko ɗaya a ciki, littafin ba zai bar gidan nan ba.

Kada ka wahalar da kowa da bincike, ba a durowa yake ba.

Matarka

*

Litinin, 21 ga wata

Mai Littafi,

Ina gaishe ki. Yau ban tashi ba. Dogo ya kalli fuskata ya ce in koma ɗaki, ba ya shiga jirgi da mutum a wannan halin.

Na fara takarda uku na yaga. A ta farko zaginki na yi, na ce kin shaƙe ni a daidai lokacin da ba ni da hannun ƙwacewa, kuma har yanzu ina jin haka. Kin zaɓi lokacinki. Amma kin ce yadda take, ga ta.

Ba ofis ne suka tura ni ba. Sati biyar Tsoho yana jiran sama ta yi kyau ya sake ni doguwar tafiyar, ni kuwa ban taɓa gaya masa na yi miki alkawari ba. Ranar sha shida ya ce gobe ce. Na kwana a ɗakin ɗalibai.

Ƙarfe tara saura kwata na kwance igiyoyin jirgi, ina tsiyayar mai a kwalba ina duba ko da ruwa a ciki, waya ta yi ƙara. Anti ce. Ta ce, "Mara tana mata ciwo, akwai jini kaɗan, za mu wuce asibiti. Kana ina?" Na ce, "Ina daji, sabis yana yankewa." Na katse.

Don haka na sani. Ban san zai kai inda ya kai ba, amma na san akwai jini. Mota tana nan a ajiye, asibitin bai fi minti arba'in ba. Na tsaya da wayar a hannu. Tsoho ya leƙo ta ƙarƙashin fiffike ya ce, "Lafiya?" Na ce, "Lafiya." Na gaya wa kaina mata suna irin wannan ciwon ya wuce, awa uku ne kawai, izinin da Tsoho ya sa wa hannu na ranar ne kaɗai. Na kashe wayar na sa a jaka.

Kin ce kada in yi ado. Awa ta farko daɗi na ji. Ban taɓa jin daɗi irinsa ba. Na yi waƙa ni kaɗai a sama. Wannan ne abin da ban taɓa tsammanin zan gaya wa kowa ba.

A fili na biyu na kunna wayar. Saƙon Anti ya shigo, kalma huɗu: "An rasa. Tana lafiya." Na zauna a inuwar fiffike ban san tsawon lokacin ba. Sannan na tashi na dawo da jirgin, don babu wata hanyar. Tsoho ya tarbe ni yana tafi, ya rubuta abin da kika gani. Ban gaya masa ba har ya mutu.

Da na taho a lokacin, da la'asar ina gefenki. Amma wanda yake daji ba ya isowa da la'asar. Sai na zauna a mota har washegari, don ƙaryar ta yi daidai. Lakar kuma ta bakin famfon bayan rumfar jirage ce. Da gangan na taka.

Shi ke nan. Ban manta kwanan watan ba ko sau ɗaya. Na dai ɗauka ba za ki buɗe ba, da kika buɗe kuma na yi kamar ban gane ba.

Saura kwana bakwai. Ba zan turo kowa ba, kuma ba zan ƙara roƙo ba. In bai zo ba, zan gaya wa Dogo a soke, in haɗa kayana.

Mijinki

*

Alhamis, 24 ga wata

Kyaftin,

Muna nan. Inna ta ce na rame, na ce zafi ne.

Waƙa. Ka yi waƙa.

Da na kai wurin nan na ɗauko littafin daga cikin buhun shinkafa inda na binne shi, na shiga kicin na kunna wuta. Na riƙe shi a sama har bangon ya yi zafi. Inna ta ƙwala kira daga falo, "Me kike ƙonawa?" Na ce, "Ban fara ba tukuna." Kwana biyu ina kunnawa ina kashewa.

Ga shi nan a ƙunshin. Ban taɓa ko ɗigo ba. In ka ga shinkafa a tsakanin shafuka, ka kaɗe.

Kada ka kuskura ka karanta yafiya a cikin wannan. Ban yafe ba, ban ma fara tunanin yafewa ba. Na aiko ne saboda na gane abin da zai faru in na ƙona. Za ka dawo da jakarka a hannu, kanka a sunkuye, kowa ya ce matarsa ce ta kashe masa shekara huɗu. Kai ka yi mini ɗaya, ni na yi maka ɗaya, sai a ce mu yi haƙuri da juna, an yi kunnen doki. Ba zan ba ka wannan sauƙin ba. Ba ka da abin da za ka riƙe ni da shi, kuma haka nake so ya zauna.

Ka je ka zauna gaban mutumin. Ka miƙa masa da hannu biyu. Ka kalle shi yana buɗe shafi na goma sha ɗaya.

Kuma ka ci. In ka faɗi bayan duk wannan, wallahi ban san abin da zan yi maka ba.

Matarka

*

Litinin, 28 ga wata

Mai Littafi,

Ina fata kin tashi lafiya, ke nake tambaya.

Littafin ya iso ranar Asabar. Yau ƙarfe takwas mai jarrabawa ya zo, wani gajeren dattijo mai tabarau a goshi, ba ya murmushi. Ya bi layukan ɗaya bayan ɗaya da bayan biro. Da ya kai kan kwaɗo ya ce, "Na san mai wannan bakin, Allah ya ji ƙansa." Ya ci gaba. A shafi na goma sha ɗaya ya tsaya, ya sauke tabarau, ya ce, "Uku da minti goma, kai kaɗai. Ranar da matuƙi ba ya mantawa ke nan. Wa ka fara gaya wa da ka sauko?" Na ce, "Ba kowa." Ya ɗago ya dube ni, ya jira. Na kafa ido a kan layin. Ya juya shafi.

Tambayoyin sun ci awa biyu da rabi. Na yi tuntuɓe a lissafin mai, ya bar ni na gano da kaina. A sama ya rage wuta daidai lokacin da nake duba taswira, na zaɓi wata gona mai tsawo, muka sauko har ina ganin kunyoyinta kafin ya ce in tashi. Saukata ta biyu ta yi ɗan tsalle. Da na kashe inji ya yi ta rubutu, sannan ya miƙo hannu ya ce, "Ka ci."

Dogo ya rungume ni ya ɗaga ni sama, ya ce a ɗauki hoto. Na tsaya aka ɗauka. Takardar tana cikin aljihuna yanzu, ƙarama ce, ba ta kai tafin hannu biyu ba. Na zauna a bakin gado ina kallonta, na rasa wanda zan nuna wa.

Ranar Alhamis zan biyo motar saƙo. Ki gaya mini ko in shigo.

Mijinki

*

Laraba, 30 ga wata

Kyaftin,

Na tashi lafiya. Barka. Na gaya wa Inna, ta yi guɗa har maƙwabta suka leƙo.

Direba zai miƙa maka wannan kafin ka shiga mota. In kun iso, kada ka fara da gida. Ka sauka wurin Yaya Babba. Ka gaya masa inda kake ranar, da bakinka, a tsaye. Sannan ka roƙe shi ya kai ka kabarin, don shi ya ɗauka a hannunsa ya je ya rufe, shi kaɗai ya san wurin.

Shekara biyu ba ka tambayi inda aka kai ba. Ba ka ma tambayi abin da na haifa ba, ni kuma na ɗauka ciwon ne ya yi maka yawa.

Mace ce. Gashinta baƙi, a kwance. Sun bar ni na riƙe ta kaɗan.

In ka dawo daga can ka ƙwanƙwasa. Ina ciki.

Matarka